Taswirar Kwamfuta da Binciken Harshe da Tarihi a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya taɓa fita aikin bincike a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, ya san cewa in aka tambayi dattijo tarihin garinsu, abin da zai fara kawowa jerin sunayen wurare ne: kakanninmu sun taso daga wuri kaza, suka yada zango a wuri kaza, suka haƙa rijiya a wuri kaza, fari ya kore su suka gangaro fadama. Rabin tarihin baka na wannan ƙasa labarin ƙasa ne. Amma duk da faya-fayen da masu bincike suka naɗa tun daga shekarun 1960, da abin da aka adana a cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai, kaɗan ne daga cikin waɗannan sunaye aka ɗora bisa taswira ta yadda mai nazari zai gan su gaba ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa masu binciken harshe da tarihi, da masu tsara aikin yaƙi da jahilci, yadda taswirar kwamfuta take aiki, da abin da za ta iya yi mana a Arewa, da kuma wuraren da takan ɓad da wanda bai yi hattara ba.

Yadda abin yake

Taswirar takarda zane ce da aka gama, ba a ƙara mata ba a rage. Ita kuwa taswirar kwamfuta, a ƙarƙashinta akwai jadawali. Kowane wuri yana da layinsa a jadawalin, kuma a layin akwai lambobi biyu da ke nuna matsayinsa a bayan ƙasa, ɗaya tana auna nisansa arewa ko kudu da tsakiyar duniya, ɗayar tana auna nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic na Ingila. Garin Dogon Dutsi, alal misali, yana wajen digiri 13 da minti 38 arewa, digiri 4 da minti 2 gabas. Bayan waɗannan lambobi, mai bincike yana da ikon ƙara duk abin da ya ga dama a layin: sunan wurin, yawan mutanensa, harshen da ake yi, ranar kasuwarsa, sarautar da ke cikinsa, lambar faifan da aka naɗa a can. Kwamfuta sai ta zana abin da aka tambaye ta kawai. Ana iya shimfiɗa bayanai iri-iri bisa juna kamar tabarmi, rijiyoyi a ƙasa, burtali a bisansu, garuruwa a bisa burtali, a ɗage wanda ba a so a bar wanda ake so.

Wannan dabara ta faro ne a Kanada cikin shekarun 1960, a hannun Roger Tomlinson, don lissafin filayen noma da dazuzzuka. Ta daɗe tana hannun hukumomi masu kuɗi. Abubuwa kaɗan ne suka sauko da ita hannun irinmu: a shekarar 2000 Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS ga farar hula, a 2008 aka buɗe hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta, sa'an nan ga manhajar QGIS da taswirar OpenStreetMap waɗanda ba a biyan ko dala a kansu. Yau wayar hannu ta talaka tana nuna matsayin wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. A Nijar kuma akwai Cibiyar Labarin Ƙasa ta IGNN, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, da kundin sunayen garuruwa na RENALOC wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar bayan ƙidayar 2012, inda akasarin garuruwa da ƙauyuka suke tare da lambobin matsayinsu. Wato kayan aikin sun samu. Abin da ya rage aikinmu ne.

Sunaye

Tushen kowace taswira jerin sunaye ne, kuma a nan ne masanin harshe yake da abin cewa fiye da kowa. Sunayen garuruwan Arewa sun shiga takardun hukuma ta kunnen Bafaranshe da alƙalaminsa. Aka rubuta Dogondoutchi, Lougou, Dogonkiria, Dan-Kassari, Koré Maïroua, Soucoucoutane. Wasu daga cikin waɗannan rubuce-rubuce suna ɗauke da shaida mai amfani. Haruffan "tch" na Dogondoutchi, misali, sun kama furucin mutanen yamma, waɗanda ke karkata "ts" zuwa wajen "c" in ta zo gaban "i" ko "e", don haka kada mai gyara ya yi saurin share su daga jadawali. Amma rubutun Faransanci ba ya rarrabe "d" da "ɗ", ko "k" da "ƙ", ko "b" da "ɓ", ba ya nuna tsawon wasali, balle karin sauti. "Ɗan" ya koma "Dan". Dogonkiria kuwa, mai jin Hausa zai hango itacen ƙirya a cikinsa, amma kwamfutar da aka ce ta tattaro duk garuruwan da ke ɗauke da sunan ƙirya ba za ta kawo shi ba, domin ita harafi take bi.

Ga kuma matsalar suna ɗaya wuri biyu. Tibiri biyu ne sanannu a Nijar: Tibirin Samna da muke magana a kai, da Tibirin Gobir ta jihar Maraɗi, mazaunin Sarkin Gobir. Tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. In aka ba kwamfuta rubutaccen tarihi aka ce ta ɗora sunayen da ke ciki bisa taswira da kanta, ba abin da zai hana ta kai Samna Ƙarfe gidan Gobirawa. Sunan ƙasar ma kansa yana da wannan lalura. Arewa a nan ƙasar Arawa ce, amma a bakin yawancin Hausawa arewa jiha ce ta kishiyar kudu, a Nijeriya kuma suna ne na rabin ƙasa. A littattafan Faransanci an fi kiran mutanen da Mawri, sunan da maƙwabtansu Zabarmawa suke kiransu da shi. Wanda ya nemi ɗaya bai nemi ɗayan ba ya yi asarar rabin abin da aka rubuta.

Maganin wannan shi ne kowane wuri a ba shi lamba tasa wadda ba ta sakewa, sa'an nan a rataya mata dukkan sunayensa: yadda hukuma take rubutawa, yadda ya kamata a rubuta bisa ƙa'idar rubutun Hausa, yadda mazauna wurin suke furtawa tare da naɗaɗɗiyar murya, yadda Zabarmawa ko Fulani ko Buzaye suke kiransa in suna da nasu sunan, da yadda ya fito a tsofaffin takardu tare da shekarar kowace takarda. Haka manyan kundayen sunayen tarihi na duniya suke yi, irin su Pleiades da aka gina don garuruwan tsohuwar Girka da Rum. Wannan aiki ne mai cin rai, ba ya kuma jawo wa mai yinsa suna. Amma tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ko ba jima ko ba daɗe za a buƙaci taswirar makaranta da allunan hanya da Hausa, kuma in masana ba su tanadi ingantaccen jeri ba, mai buga allo zai juya rubutun Faransanci yadda ya ga dama, kuskuren ya zauna daram.

Da jerin ya samu, sunayen da kansu za su fara ba da labari. A zana duk garuruwan da suka fara da Birni, da waɗanda suka fara da Unguwar, wadda ta zama Angoual a takardun hukuma, da Tunga, da Gidan, da Rugga, kowane da launinsa. Ana sa ran a ga tsofaffin garuruwa a wani sashe, ƙauyukan noma na baya-bayan nan a wani sashe, kuma in abin da ya fito ya saɓa wa zaton, to an sami sabuwar tambaya. Haka nan sunayen itatuwa da na tafkuna: inda suna ya ce akwai ruwa ko kurmi, hoton sama kuwa ya nuna faƙo, sunan ya zama shaidar yadda ƙasar take kafin farin 1973 da na 1984. Ana iya gwada wannan da hotunan jirgin sama da Faransawa suka ɗauka cikin shekarun 1950, da na taurarin leƙen asiri na CORONA waɗanda Amurka ta saki a 1995.

Lokaci da iyaka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki iyakokin yau a shimfiɗa su bisa jiya. Gundumar Tibiri ba ta zama gunduma ba sai a 2011, lokacin da gundumomin Nijar suka ƙaru daga 36 zuwa 63. Kafin nan Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa duk a ƙarƙashin Dogon Dutsi suke. Saboda haka wanda ya kwatanta yawan mutanen gundumar Dogon Dutsi na ƙidayar 2001 da na 2012 ba tare da ya san wannan ba, zai ce mutane sun ragu, alhali ƙasar ce aka raba. In aka haɗa gundumomin biyu, a 2012 mutanensu sun haura 600,000. Dole kowace iyaka a jadawali ta zo da shekarar da ta fara aiki da shekarar da ta daina.

Iyakar Nijar da Nijeriya ta fi wannan koyar da darasi. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ran 14 ga Yuni 1898, an ce iyaka za ta bi tsakiyar Dallol Mawri, wato fadamar da ita ce ƙashin bayan ƙasar Arewa, har ta haɗu da wata da'ira da aka zana mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, daga nan ta bi bakin da'irar ta arewa. Mai kwamfuta zai iya zana wannan da'ira cikin minti ɗaya, zai kuma ga Dogon Dutsi, mai nisan kimanin kilomita 145 daga Sakkwato, ya faɗa cikinta. Wato a takarda an tsaga Arewa biyu. Faransawa suka ga layin bai bar musu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram ba, aka sake shi a 1904, aka kuma sake a 1906, sa'an nan ayarin Kyaftin Jean Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi. Rahotannin wannan ayari, da bayanan tarihi da tafintansu Landeroin ya tattara, suna cikin tsofaffin rubuce-rubuce a kan sarautun wannan yanki. Ko da iyakar ta zauna, ba ta tattara Arawa wuri ɗaya ba, ga ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedkwata a Kangiwa cikin jihar Kebbi. Taswirar harshe ko ta zuriya da ta tsaya a kan iyaka don bayanan hukuma sun tsaya a nan, rabin taswira ce.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a ambata. Tsofaffin taswirorin Faransa na wancan zamani daga birnin Faris suke auna gabas da yamma, kuma Faris tana gabas da Girinwic da digiri 2 da minti 20. Wanda ya kwafi lambobin ya zuba a kwamfuta bai gyara ba, garinsa zai yi tsalle yamma da wajen kilomita 250, Matankari ta tashi ta sauka kusa da kogin Kwara. Taswirorin tsakiyar ƙarni na 20 ma ma'auninsu ya ɗan bambanta da na GPS, tazarar takan kai mita ɗari ko fiye. Ga mai neman gari wannan ba kome ba ne, amma ga mai neman tsohuwar rijiya ko kushewa babba ne.

Abin da ya fi wuya shi ne mulkin gargajiya na Arewa bai yi kama da fili mai shinge ba. Binciken Marc-Henri Piault da aka buga a 1970 ya nuna ƙasa mai iko hawa biyu: Gubawa, 'yan ƙasa na farko, masu riƙe da al'amuran ƙasa da iskoki, da Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji a kansu, sa'an nan Arawa masu sarauta, waɗanda tarihin baka ke danganta asalinsu da wani ɗan sarkin Barno da ya auri 'yar Baura. Ita kanta sarautar Sarkin Arewa ba ta zauna gari ɗaya ba tun fil azal, ga kuma Samna a Tibiri da tasa sarautar a kudu, wadda Éliane de Latour ta yi nazari a kai. Ƙauye ɗaya yana iya kai gaisuwa ga wannan, ya kai shari'arsa gaban dutsen Tunguma a Lugu, ya nemi mafaka wajen wani in yaƙi ya taso. In aka shafa wa irin wannan ƙasa launi ɗaya aka ja mata layi, an yi ƙarya ko da ba a yi niyya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a zana garuruwa a matsayin ɗigo, a ja zare tsakanin ɗigo da ɗigo, kowane irin dangantaka da irin zarensa. Haka kuma kowane bayani ya zo da darajar tabbacinsa. Faɗan Sarauniya Mangu da ayarin Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilu 1899 yana da wuri da lokaci sanannu. Zangon da aka ce kakanni sun yada ƙarni uku da suka wuce ba shi da su, kuma bai kamata su fito da ɗigo iri ɗaya ba. Kwamfuta ba ta san "wataƙila" ba sai an koya mata.

Karin harshe da aikin yaƙi da jahilci

Ɗora karin harshe bisa taswira tsohuwar sana'a ce. Georg Wenker ya fara ta a Jamus a 1876 da takardun tambaya da ya aika wa malaman makaranta, Jules Gilliéron kuma ya fitar da ta Faransa tsakanin 1902 da 1910 daga wurare 639 da abokin aikinsa Edmond Edmont ya taka da ƙafarsa. Taswirorin Wenker yanzu suna cikin kwamfuta a Jami'ar Marburg. Mu kuwa har yanzu mukan ce "Hausar yamma" mu haɗa Sakkwatanci da Arauci da Adaranci da Kurhwayanci a buhu ɗaya. An san siffofin da suka tara su: "munka" da "sunka" a maimakon "muka" da "suka", "na" da "ta" a maimakon "ne" da "ce", "hw" ko "h" a inda Kano ke da "f", "ɗiya" a maimakon "'ya". Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a 1991. Amma a ina Arauci ya ƙare Kurhwayancin Filinge ya fara? Shin Hausar Sukukutan da ta Gesheme ɗaya ce? Wace kalma ce ta shigo daga Zabarmanci ta tsaya a yammacin fadama, wace ce ta shigo daga Kabi ta kasuwannin kan iyaka? Waɗannan tambayoyi ne da taswira ke amsawa, in an bi ƙauyuka da jerin tambaya iri ɗaya, an naɗi murya, an rubuta matsayin wurin da shekarun mai magana da inda aka haife shi. Wannan na ƙarshe muhimmi ne ƙwarai game da mata, domin aure yakan ɗauke mace daga garinsu, kuma Hausar da ke bakinta ta garin haihuwarta ce. Kowace siffa a zana mata taswirarta dabam. Galibi layukan ba sa faɗuwa wuri ɗaya, kuma rashin faɗuwar tasu shi ne sakamakon binciken.

Ga mai tsara yaƙi da jahilci, amfanin a fili yake. Zai ga inda littafin koyon karatu da aka rubuta da daidaitacciyar Hausa zai yi wa ɗalibi nisa, har a tanadar wa malami jerin kalmomin wurin. Zai ga ƙauyukan yamma inda Hausa da Zabarmanci suke cuɗanya. Mahamane Karimou ya rubuta a 1977 a kan Arawan da suka koma Zabarmanci, kuma wannan ya isa ya nuna cewa sunan kabila ba ya gaya wa mai tsari harshen da za a buɗe aji da shi. Zai kuma iya auna nisan kowace unguwa daga cibiyar karatu mafi kusa. Sai dai nisan da kwamfuta ke bayarwa na tsuntsu ne. Ƙauyuka biyu na iya zama kilomita uku a taswira, amma akwai gangaren dutse a tsakani, ko ƙoramar da ke cika da damina, ko kuwa tsohuwar rigimar gona da ta sa matan wannan ba sa shiga wancan. Ga lokaci kuma: bayan girbi samari sukan tafi cin rani, makiyaya suna da lokacin hawa da na sauka. Ajin da aka kafa bisa lissafin ƙidaya kaɗai yana iya buɗewa ya tarar da rabin ɗalibansa suna Legas ko Kwatano.

Abin da bai kamata a ɗora ba

Ba duk abin da mai bincike ya sani ne zai fito a taswirar da kowa ke gani ba. Adeline Masquelier, wadda ta yi aiki a Dogon Dutsi, ta nuna a littafinta na 2001 irin matsin da masu bori suka shiga yayin da garin ke sauyawa, ta kuma rubuta yadda mutane ke danganta haɗurran babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni da iskokin da aka tasa daga mazauninsu. Ga mutanen da suka gada, itacen tsafi ko dutse ko kushewa amana ce, kuma dattijon da ya kai baƙo wurin bai ba shi izinin ya nuna wa duniya ƙofar ba. Lambobin matsayi na iya kai mai sara ko mai haƙar kayan tarihi har gindin abin. Irin waɗannan wurare sai a adana ainihin matsayinsu a cibiya, a buga su a dunƙule da sunan ƙauye mafi kusa, kuma sai da yardar masu su.

Haka batun gonaki da burtali. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, hukumomin filaye ne ke da alhakin tabbatar da mallaka. Taswirar da masanin tarihi ya zana don nuna wanda ya fara saran daji tana iya bayyana gobe a gaban alƙali a hannun mai ƙara, domin abin da ya fito daga kwamfuta yana da kwarjini a idon jama'a fiye da bakin tsoho. Ya kamata a rubuta a jikin kowace taswira wanda ya faɗi bayanin, da shekarar da ya faɗa, da cewa akwai wata ruwayar in akwai. Rashin tsaron da ya taɓa arewacin gundumar Dogon Dutsi a 'yan shekarun nan ya ƙara wani dalilin: sunan mai ba da bayani da matsayin gidansa kada su zauna a jadawali ɗaya da ake yawo da shi a waya.

Wurin farawa, a ganinmu, shi ne ƙaramar hukuma ɗaya, Matankari ko Ɗan Kasari, inda tarihi ya fi kauri. A ɗauki jerin RENALOC na wurin a buga shi a takarda, a zauna da masu gari da limamai da tsofaffin mata da makiyaya, a karanta musu suna bayan suna, su gyara furuci, su ƙara kufai da rijiyoyi da tafkunan da ƙidaya ba ta lissafa ba. Malaman yaƙi da jahilci na wurin sun iya rubutun Hausa da ƙugiyoyinsa, su ne suka fi cancanta da riƙe alƙalamin. In an gama, a buga taswirar da manyan haruffa a mayar da ita ajin manya na ƙauyen, domin a sake dubawa, domin kuma ɗalibin da ke koyon baƙi da wasali ya gwada karatunsa a kan sunan garinsu da na garin kakanninsa.